Sitiyari a karkace, aiki bai ƙare ba

Ba zan goge abin da na saka shekaranjiya a kan bakaniken da ya miƙa wa ƙanwata motarta sitiyari a karkace ba. Masu biyo ni ta bayan fage suna cewa in rufa wa bawan Allah asiri, ai na rufa. Ban faɗi sunanshi ba, ban faɗi unguwar da garejin yake ba, ba kuma zan faɗa ba ko wa ya tambaya. Amma maganar tana nan inda na ajiye ta. Bakaniken da ya kwance ƙafar mota, ya canza rak da tayarod, ƙarafan da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi, ya canza shokozoba, sannan ya miƙa makulli alhali sitiyari na kallon gefe, wannan bai gama aiki ba. Kuɗin cikakken aiki ya karɓa a kan rabin aiki, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ran mutum yake rataye a kai.

Ga abin da ke cikin hoton da na saka. Motar ƙanwata ce, tana tafiya sak a kan titin Yahaya Madaki a nan Katsina, titi miƙaƙƙe, amma tambarin da ke tsakiyar sitiyarin ya kwanta hagu. In ta miƙe shi yadda ya kamata ya zauna, motar sai ta nufi dama, wajen masu babur da 'yan Keke Napep. Ta koma ta nuna mashi, sai ya ce, "Hajiya, sabbin kaya ne, ki ɗan hau ta kwana biyu, za ta saki da kanta."

Wannan kalma ta "za ta saki da kanta" ita ce ta hana ni barci. Me zai saki? A gaya mani, don Allah, wane ƙarfe ne zai saki? Tayarod ƙarfe ne mai zare a jiki, ana murɗa shi ya ƙara tsawo ko ya ragu, sannan a ɗaure shi da noti. Noti ba ya juya kanshi ya nemo daidai. Ranar da notin tayarod ya saki da kanshi kuwa, ranar ba labarin karkacewar sitiyari za a yi ba, labarin ta'aziyya za a yi. Sabon sifirin da sabon bushin, robar nan da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, sukan ɗan zauna bayan an hau, wannan gaskiya ne, amma ɗan zaman nan ba ya dawo da sitiyarin da ya kauce ya koma tsakiya. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san haka. Shi ma ya sani. Ya faɗa ne don ta tafi ta ba shi wuri.

Bari in yi bayani don waɗanda ke ganin kamar ƙyale-ƙyale nake nema. Sitiyarin da ke hannunka yana juya rak, rak ɗin yana tura ƙarafa biyu, ɗaya zuwa tayar hagu, ɗaya zuwa tayar dama. Su ne tayarod. Tsawon kowannensu shi ke faɗa wa taya inda za ta kalla. In an canza su, abin da yawancin yaran gareji ke yi shi ne su ƙirga murɗi nawa suka yi wajen kwance tsohon, su mayar da sabon da adadin nan. Dabara ce mai kyau don mota ta iya fita daga gareji ta kai wurin awo, amma nan amfaninta ya tsaya. Sabon da aka sawo, ko a nan gari ko daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko ɗan Beljiyam, ba lallai tsawonshi da inda zarenshi ya fara su zo ɗaya da na tsohon ba. Bambancin murɗi ɗaya ya isa. Tayoyin gaba biyu kuwa in mota na tafiya raba kuskuren suke yi tsakaninsu, su nemi tsakiyarsu su bi, sai sitiyari ya biya bashin ya karkace. To karkacewar nan da kake gani saƙo ne daga ƙasan mota cewa ba a auna komai ba.

Wani ya rubuto mani cewa ai yana yiwuwa sitiyari ya karkace amma tayoyin suna daidai da juna, ba za su ci ba. E, yana yiwuwa. In an matsar da duka biyun gefe guda daidai wa daida, haka za ta faru. To ta yaya ka san hakan ce ta faru ba ɗayar ba, tunda ba ka auna ba? Da ido? Milimita ake magana. Ku ɗauki biro ku yi lissafin da kanku. Tayar ƙaramar mota tsayinta ya kai kusan santimita 60. In gabanta ya kauce daga bayanta da milimita 3 kacal, abin da ba wanda zai gani yana tsaye, to a kowace kilomita ɗaya ana jan robar nan a kaikaice kamar mita 5. Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne. Tafiya ɗaya, an goge taya a kan kwalta sama da mita 800 ta gefe. Kamar mai tafiya ne yana jan takalmi a ƙasa, gefe ɗaya zai cinye ya bar ɗayan sabo. Shi ya sa za ka ga taya daga waje lafiya lau, ka durƙusa ka leƙa cikinta ka tarar waya ta fito. Kuma kowa ya san abin da taya ta zama a kasuwa yanzu.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na yi waccan magana da zafi ba. Abin da ya faru a komawa ta biyu shi ne. Da ta matsa, sai ya kira yaronshi ya ce, "Kai, zo ka miƙe wa Hajiya sitiyari." Tana tsaye tana kallo yaron ya buɗe tsakiyar sitiyarin, ya kwance babban notin nan, ya girgiza shi ya zare, ya juya shi haƙori biyu ko uku, ya mayar ya ɗaure. Ko ƙarƙashin motar ba a leƙa ba. Ko jak ba a ɗauko ba. Ya share hannu da tsumma ya ce, "An gama, Hajiya." Ita kuwa ta ga tambari ya miƙe, ta yi godiya, har ta ba yaron na ruwa.

Wannan algus ne. Ba ni da wani suna da zan kira shi da shi. Matsalar tana can ƙasa inda take, abin da aka gyara kawai shi ne alamar da ke nuna akwai matsala. An ma ƙara mata wasu. Yanzu sitiyari ya ce yana tsakiya, rak kuwa ba ya tsakiya. Da na karɓi motar na tsaya a fili na karya ta hagu har ƙarshe, na karya ta dama har ƙarshe, juyin ba ɗaya ba ne, gefe guda ya fi kwana. Turafiketo da ke kashe kanta in an gama kwana, yanzu gefe ɗaya tana kashewa tun ba a gama ba, ɗaya gefen sai an sa hannu. Motocin da suka ɗan fi sabunta kuma akwai na'ura a bayan sitiyari mai gaya wa kwamfutar mota inda direba ya nufa, da ita ake taimakon birki in mota za ta zame. In lissafinta ya saɓa da inda tayoyi ke tafiya, sai wuta ta kama a dashbod, ko na'urar ta daina aiki gaba ɗaya. Sannan ku tuna akwai jakar iska, wadda ke fitowa in an yi hatsari, a cikin sitiyarin nan. Ƙa'ida ita ce a cire kan batir a ɗan jira kafin a taɓa ta. Yaron nan bai cire ba. Fuskarshi tana daidai saitinta yana kwance-kwance. Maigidanshi na zaune kan benci yana danna waya. Ran yaron ma bai dame shi ba, balle na mai mota.

Kuma tunda an zo nan, masu cewa an canza masu rak sai oda ta daina kuka, wutar jakar iska ta kama ta ƙi mutuwa, aka ce masu "matsalar wayarin ce, ku nemi mai wayarin", ku saurara. A bayan sitiyari akwai wata siririyar waya a naɗe wadda ke kai wuta ga oda da jakar iska. Juyin da za ta iya ɗauka ƙididdigagge ne, kusan biyar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In an raba sitiyari da rak ba a ɗaure shi ba, yara suka yi ta wulwula shi, aka mayar da shi da juyi ɗaya a sama, to ranar da ka karya kwana sosai wayar za ta tsinke. Maganin abin bai wuce a zura bel ɗin kujera ta cikin sitiyari a ɗaure shi kafin a fara kwancewa ba. Ko sisi ba ya ci. Sai dai kulawa, ita ce ta yi tsada.

Yanzu ga masu kare shi. Na karanta duk abin da kuka rubuta.

Wai alaimen, wato awon saitin tayoyi, ba aikin bakanike ba ne, aikin masu alaimen ne. Na yarda, ba kowane gareji ke da na'urar ba, ba kuma wanda ya ce dole ya saya. To bakinshi fa? Me ya hana ya ce, "Hajiya, na gama nawa, amma kada ki hau babbar hanya sai an kai ta awo, ga yaro ya raka ki"? Jimla ɗaya ce. Mutanen kirki a cikin sana'ar nan haka suke yi, wasu ma da kansu suke kai motar su tsaya a kai, su sa kuɗin a cikin lissafi tun farko. Wanda ya kwance ƙafa shi ya ɓata saitin, a wuyanshi yake ya ga an mayar, ko da hannun wani ne. Ba a ce ya san komai ba, cewa aka yi kada ya ce an gama alhali ba a gama ba.

Wai hanyoyinmu ne, kowace mota tana ja. Ku bar wannan. Gaskiya ne ana gina titi da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka, kuma tunda a hannun dama muke tuƙi tun 1972, mota takan ɗan lallaɓa dama in ka saki hannu. Wannan kowane direba ya san shi, kuma kaɗan ne. Amma motar da kafin a kai ta gyara take tafiya daidai a kan titin nan, bayan gyara ta koma sai an riƙe ta da ƙarfi a kan titin nan dai, titin ne ya canza cikin sati guda? Ramuka suna ɓata saiti, ba musu, rami ne ma ya kai ta garejin tun asali. Amma rami ba shi ya ɗaura sabon tayarod ba.

Wai mutanen da ai ba su da kwamfuta, kuma sun yi ta gyara mota lafiya. Kada ku jingina lalacinku ga dattawan nan. Waɗanda suka yi zamanin Fijo 504 da 505 aunawa suke yi. Su ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, su ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, su sa tef su gwada gaba da bayan taya, su murɗa hagu, su murɗa dama, su fita da motar su dawo su sake. Ba su da allo mai launi, amma suna da kunyar a ce aikinsu ya dawo. In ka ce ba ka da na'ura, zare ma ba ka da shi?

Wai talaka ne, ina neman kashe mashi kasuwa. Ita mai motar fa? Albashi take jira kamar kowa, adashi ta ɗauka ta yi gyaran nan. Tausayi ai ba gefe ɗaya yake da shi ba. Wanda kuma ya ce ai mace ce, ba ta san mota ba, shi ya sa ta ruɗe, to ka faɗi ainihin abin da ke ba ni haushi ba tare da ka sani ba. Don an ga ba ta sani ba ne aka yi mata haka. Da direban haya ne na tashar Daura ya kawo Golf ko Sharon ɗinshi, ba wanda zai zare sitiyari a gabanshi ya ce an gama. Kenan an san daidai, zaɓa ake yi wanda za a yi wa.

Su ma masu alaimen ɗin kada su ga kamar na wanke su. Akwai waɗanda za ka shiga, a ɗora mota, a maƙala na'urori a tayoyi, yaro ya shiga rami ya murɗa gefe ɗaya kawai har lamba ta yi kore a allo, a ce ka biya. Jimillar awon ta yi daidai, amma sitiyari ya fito a karkace, don ba a tsayar da shi tsakiya an danne shi kafin a fara ba, ba a kuma raba murɗin gefe biyu ba. Ba su duba iskar taya kafin su fara, alhali taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta sa mota ja. Ba su girgiza taya su ji ko boljoyin, mahaɗar da ƙafa ke juyawa a kai, ko bushin yana da lilo, alhali awon da aka yi a kan ƙafa mai lilo kafin ka kai Ƙofar Kaura ya tashi. Bayan an gama ba mai fita da motar ya gwada. In ka dawo ka yi magana a ce maka "kwamfuta ce ta ba da haka". Kwamfuta ba ta riƙe sifana.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, ba sai an taɓa tayarod kaɗai saiti ke tashi ba. Yawancin ƙananan motocin da muke hawa da tayoyin gaba suke ja, kuma a wasunsu in za a sauke giyabos ko a yi babban aikin inji, sai an sassauta ko an sauke ƙarfen nan na ƙasa da rak da hannuwan taya ke zaune a kai. In an mayar da shi ya goce kaɗan, komai ya goce tare da shi. Haka in an canza shokozoba, ko hannun ƙasa. Bushin ma ƙa'idarshi a ƙarasa ɗaure shi bayan mota ta sauka ta zauna da nauyinta, in aka ƙulle shi tana rataye a kan jak, robar a murɗe za ta zauna, ba za ta yi nisa ba ta yage. Saboda haka wanda aka sauke wa giyabos ya ga sitiyari ya canza zama, kada a ce mashi "ai mu ba mu taɓa ƙafa ba".

Wallahi ba don taya nake wannan dogon rubutu ba. Yarinyar nan hanyar Mashi take bi zuwa Daura da yara a baya, kusan kilomita 80, hanya mai manyan motoci da dabbobi da masu babur da ke faɗowa ba sallama. Mutum yana tuƙi yana kokawa da sitiyari, hannu ya gaji, ya ɗan juya ya tsawata wa yaro, motar ta bar layinta. Ko kuma cikin zafin bazara, kwalta ta ɗau wuta, tayar gaba da ta cinye ta ciki ba a sani ba ta fashe ana gudun 100. Sai mu taru mu ce kwana ya ƙare. Kwana yana ƙarewa, mun yi imani da haka, amma wanda ya yi sakaci da amanar da aka ba shi zai amsa tambaya a kan sakacinshi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe a sama, cewa ya yi wanda ya yi algus ba ya cikinmu. A miƙe sitiyari a sama a bar karkata a ƙasa, ku gaya mani ina bambancin.

Ina da abokai bakanikai, akwai wanda in ya yi maka aiki ko ka ce kana sauri ba zai ba ka makulli ba sai ya zaga da motar da kanshi. Irinsu ake ɓata wa suna. Shugabannin ƙungiyoyin masu gyara su ya kamata su fi ni ɗaga murya a kan wannan, don yaron nan da aka koya wa zare sitiyari, nan da 'yan shekaru za a yaye shi ya buɗe nashi wurin, ya koya wa wasu goma, yana ganin haka ake yi.

Ku kuma masu mota, kada ku cika kuɗi a bakin gareji. Ku shiga da mai gyaran a gefenku, ku hau miƙaƙƙen titi. Ku dubi sitiyari, ku ɗan sassauta hannu ku ga inda ta nufa, ku taka birki ku ji ko tana fizga. Ku tsaya ku karya hagu da dama har ƙarshe ku ƙirga juyin. Ku danna oda, ku gwada turafiketo, ku ga ko wata wuta ta rage a dashbod. Bayan an ɗan hau ta, ku shafa tayar gaba da tafin hannu daga waje zuwa ciki, sannan daga ciki zuwa waje. In gefe ɗaya sumul ne ɗayan yana kartar hannu, taya ta fara ci. Duk wanda kuma ya nufi babban notin sitiyari da sunan miƙewa, ku riƙe hannunshi.

Af, har na manta, da muka kai motar wurin awo aka fara da gejin iska, tayar gaba ɗaya tana kusan PSI 50, ɗayar ba ta kai 30 ba. Mai faci ne ya yi wannan, da bugun taya da ƙarfe yake gane ta cika. Jama'a, akwai takarda manne a jikin ƙofar direba, in ka buɗe za ka gan ta, kamfani ya rubuta iskar da motarka ke so, galibin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Ku sayi ƙaramin geji ku ajiye a mota, ku auna da safe kafin taya ta yi zafi. Kuma in za ku sayi taya 'yar Beljiyam, ku nemi lambobi huɗun nan da ke gefenta a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2315, sati na 23 ne na 2015, komai kyan zanenta robar ta tsufa. Wasu masu sayarwar har gogewa suke yi, in ka ga wurin a kankare ka ajiye masu abinsu.